Kwamfutarka ta yi nauyi: fomat za ka yi mata, ko ciwon a wani wuri yake?

Ka shiga Farm Centre ko Beirut Road da kwamfutar tafi-da-gidanka a hammata ka ce ta yi nauyi, kafin ka rufe baki za ka ji an ce, "Alhaji, kawo a yi mata fomat." Wato a share abin da ke cikinta a zuba mata sabon Windows. Wani lokacin maganin ke nan kuwa. Amma sau da yawa mutum zai biya kuɗi ya koma gida da murna, kwamfuta ta yi sati biyu tana gudu, daga nan ta koma 'yar gidan jiya. Ba laifin masu gyara nake gani ba, akwai ƙwararru a cikinsu da na ƙaru da su ƙwarai. Fomat ita ce aiki mafi sauri kuma mafi arha, shi ma mai kwamfutar ita ya sani, ita yake zuwa nema.

Abin da ya sa na ɗauki maganar nan da zafi shi ne abin da ya sami ƙanwata a shekararta ta ƙarshe a jami'a. Kwamfutarta HP ce ta hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai. Idan ta kunna ta, sai ta je ta ɗora ruwan shayi ta dawo ba ta gama buɗewa ba. Ta kai wa wani mai gyara, cikin awa guda ya yi mata fomat. Bayan isha'i ta kira ni muryarta na rawa: "Yaya, babi uku na furojet ɗina babu su. Wallahi na gaya masa akwai aikina a ciki." Ta gaya masa kuwa. Faifan ajiyarta a rabe yake gida biyu, C da D; shi ya ɗauka aikin yana ɓangaren D, sai ya bar D lafiya lau ya share C, alhali duk rubutunta a kan Desktop yake, shi kuma Desktop a cikin C yake zaune. Babi biyu mun tsinto su a imel ɗin da ta taɓa tura wa malaminta, na ukun sai da ta sake rubuta shi daga farko. Abin da ya ƙara min ciwo, ba a yi kwana ashirin ba kwamfutar ta koma jan ƙafa, domin tun asali ba Windows ne mara lafiya ba. Faifan ajiyarta ne ya tsufa yana gab da mutuwa.

Sake zuba Windows kamar share ɗaki ne a fitar da tarkace. Yana maganin manhajojin da suka taru suna tashi tare da kwamfuta duk sanda aka kunna ta. Yana maganin bairos irin wanda filash ke kwasowa a shagunan buga takardu, wanda ke ɓoye foldoji ya bar maka shotkot. Yana raba faɗan manhajojin riga-kafin bairos biyu ko uku da aka jibga a kan juna, yana kuma gyara fayilolin Windows da suka lalace saboda wuta ta ɗauke ana tsakar sabuntawa. To amma idan rufin ɗakin ne ke yoyo, shara ba ta hana ruwa zuba. Fomat ba ta ƙara RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai a ciki), ba ta mayar da tsohon faifai sabo, ba ta fitar da ƙurar da ta toshe fanka. Gudun nan da ake gani a makon farko kuwa, dalilinsa shi ne Windows ɗin wayam yake. Da zarar ya sauke sabuntawarsa, ka ɗora Chrome da Office da sauran kayan aikinka, lodin ya dawo kan jakin da ya gaji.

Saboda haka kafin ka zaɓi komai, ba wa kwamfutar minti goma. Kunna ta, ka ƙyale ta ta natsu kamar minti biyar ba tare da ka buɗe komai ba, sannan ka danna Ctrl da Shift da Esc a tare. Task Manager zai fito, sai ka shiga Performance. Abu uku za ka duba. Idan Disk na maƙale a kashi 100 alhali ba ka yin komai, kuma ka ga an rubuta HDD (tsohon nau'in faifai mai juyawa) a wurin, ka kusan gano mai laifi. Idan Memory ta haura kashi 80 ko 90 da ka buɗe shafuka huɗu ko biyar a Chrome, RAM ce ta yi kaɗan. Idan kuwa CPU, wato furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, ne ke sama kullum, koma shafin Processes ka ga wace manhaja ce ke cinye shi. In ka ga sunan da ba ka sani ba, ko tallace-tallace na faɗo maka haka kawai, a nan ne fomat ke da amfani. Leƙa Startup kuma, ka kashe duk abin da ba dole ya tashi da kwamfuta ba. Wannan kaɗai ya wadatar da wasu, ba su kashe ko kwabo ba. Akwai wata 'yar manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo da ke karanta lafiyar faifai. In ta nuna Good, madalla. In ta nuna Caution da ruwan ɗorawa, kamar yadda ta nuna a ta ƙanwata, ka manta da zancen fomat, ka fara kwashe kayanka a ranar.

Sai kuma abin da mu 'yan Kano ya kamata mu fara tuhuma, wato ƙura da zafi. Hunturu ya yi wata uku yana ɗura wa fanka ƙura, bazara ta biyo baya da zafin Afrilu mai haura digiri 40. Furosesa idan ya ɗauki zafi da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Alamarsa ba ta ɓuya: kwamfuta ta fara aiki garau, bayan minti goma ko ashirin ta fara nishi, fanka na kuka, ƙasanta ba ya taɓuwa. Na tsaya a kan wani mai gyara ya buɗe wata Dell, ƙurar da ke tsakanin fanka da mafitar iska ta dunƙule kamar audugar katifa, ya sa hantsaki ya zaro ta guda. Ya goge busasshen man da ke kan furosesa ya shafa sabo, ya mayar da murfi. Ko Windows bai taɓa ba, amma kwamfutar ta dawo hayyacinta. Mai ɗora tasa a kan katifa ko kafet yana toshe mata hanci ne da hannunsa. Masu Dell kuma su lura da caja, domin idan kwamfutar ba ta gane cajar da aka sa mata ba takan rage ƙarfin furosesa, mutum ya yi ta fomat alhali jabun caja ce matsalar.

To, a ce ka duba ka tabbatar faifai lafiya, zafi babu, tarkacen manhaja ne. Hanya biyu ce a gabanka, kuma ba ɗaya suke ba.

Ta farko tana cikin Windows ɗin kansa, sunanta Reset this PC. A Windows 10 tana Settings, Update & Security, Recovery; a Windows 11 tana Settings, System, Recovery. Za ta tambaye ka ko Keep my files ko Remove everything. Na farkon yana barin takardunka da hotunanka amma yana cire duk manhajojin da ka ɗora, har ya ajiye maka jerin sunayensu a kan Desktop don ka san abin da za ka mayar. Na biyun yana share komai, shi ya dace da mai shirin sayar da kwamfuta ko ba da ita kyauta. Daga nan za ta sake tambaya: ta sauko da sabon Windows daga intanet, ko ta sake gina shi daga fayilolin da ke cikin kwamfutar? Saukowar kan ci data sama da 4GB, amma ta fi tsafta. Ginawa daga ciki ba ta cin data, sai dai idan fayilolin can ne suka lalace, tana iya yin nisa ta tsaya ta ce ta kasa. Kyawun wannan hanya shi ne ba ka buƙatar filash, ba ka buƙatar kowa, lasisinka na nan daram. Ga malamin makaranta ko ma'aikacin ofis da Word da Excel da Chrome ne kayan aikinsa, ita nake ba da shawara a fara gwadawa.

Ta biyu ita ce fomat ta gaskiya, daga filash. Za ka samo filash mai aƙalla 8GB wanda babu abin da kake so a ciki, domin za a share shi tas. A wata kwamfuta mai lafiya ka sauko da Media Creation Tool daga shafin Microsoft, shi zai haɗa maka filash ɗin. Ka soka shi, ka kunna kwamfuta kana danna F9 in HP ce, F12 in Dell ko Lenovo ce, ka zaɓi filash. Wannan hanya ta fi Reset tsafta nesa ba kusa ba. Ba ta barin ɓurɓushin bairos, ba ta barin tarkacen da kamfani ko tsohon mai ita ya cusa, kuma tana aiki ko da Windows ya ƙi buɗewa ɗungurungum. Kwamfutar da ka saya ta hannu, wadda ba ka san wanda ya zuba mata Windows ko abin da ya haɗa da shi ba, wannan ce ta dace da ita tun ranar farko. Haɗarinta yana allon da ke nuna ɓangarorin faifai. A nan ake danna Delete, a nan kuma aikin shekaru ke salwanta cikin daƙiƙa biyu. Sannan bayan an gama akwai neman direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa sassan kwamfuta irin su Wi-Fi da sauti aiki. Ka sauko da na Wi-Fi tun kafin ka fara ka ajiye a filash, domin Windows 11 yana neman intanet tun wurin saiti, in bai ga Wi-Fi ba ka maƙale. Wasu kwamfutoci masu furosesan Intel zubi na 11 zuwa sama ma ba sa nuna faifan kwata-kwata sai an ba su direban Intel RST, mutum ya ɗauka faifansa ya mutu alhali lafiyarsa ƙalau.

Akwai maganar lasisi da nake so a fahimta, don a nan ake jawo wa kai masifa ba gaira ba dalili. Tun zamanin Windows 8, kwamfutocin manyan kamfanoni suna zuwa da mabuɗin lasisi a dashe cikin allonsu. Idan ka zuba irin wanda ta zo da shi, Home a kan Home, Pro a kan Pro, tana hawa intanet zai kunna kansa. Matsala na faruwa ne idan aka zuba Pro a kan mai lasisin Home, sai ya ƙi kunnuwa, sai a ɗauko manhajar fasa lasisi, wadda sai an kashe riga-kafin Windows take shiga. Ka ga an yi wanka an koma cikin kwata. Haka nan Windows ɗin da wasu suka yi wa kwaskwarima suna kiransa mara nauyi: ba ka san abin da aka cire ba, ba ka san abin da aka dasa ba, kuma a kansa za ka buɗe manhajar bankinka. In wani ne zai yi maka aikin, ka tambaye shi cikin mutunci, "Malam, wanne za ka sa min, kuma daga ina ka sauko da shi?" Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Yanzu ga abin da ni na fi yarda da shi ga mafi yawan kwamfutocin da ke hannun ɗalibai da 'yan kasuwa a garin nan. Idan har yanzu HDD ce a cikinta, kuɗin fomat biyu ko uku gara ka tara ka cika ka sayi SSD, sabon nau'in ma'ajiya mai sauri, a zuba sabon Windows a kansa. HDD faifai ne da ke juyawa, galibi sau 5,400 a minti a irin waɗannan kwamfutoci, da 'yar allura mai kai-kawo tana neman bayanai. SSD babu abin da ke motsi a cikinsa. HDD kan karanta wajen 100MB a daƙiƙa, SSD na SATA kan kai 500MB, nau'in NVMe kuma ya ninka hakan sau da yawa. Amma ba a nan ainihin bambancin yake ba. Windows dubban ƙananan fayiloli yake taɓawa a warwatse, allurar HDD sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, SSD kuwa nan take yake cafko su. Shi ya sa kwamfutar da ke cin minti biyar kafin ta buɗe take komawa ƙasa da rabin minti. Ga wanda kullum tasa na cikin jaka ana jijjiga ta a adaidaita sahu, SSD ya fi jure wahala, ya kuma fi sauƙin cin batir.

Babbar ribar wannan hanya wadda ba a cika faɗa ba ita ce ba a share komai. Tsohon faifan ana zare shi ne da duk kayanka a ciki, a sa shi a ɗan akwati mai USB ya zama ma'ajiyar waje. Da haka aka yi wa ƙanwata tun farko, ko layi ɗaya ba za ta rasa ba. Wasu za su ce a kwafe tsohon Windows ɗin ɗungurungum zuwa SSD. Yana yiwuwa, kuma yana da amfani ga mai manhajar da mayar da ita ke da wuya, amma ka sani da tarkacen za ka tare a sabon gida. Wurin saye ka san SSD siffa biyu ne: mai faɗin inci 2.5 da ke shiga gurbin HDD, da siririn M.2 mai kama da ɗan yatsa, shi ma akwai na SATA akwai na NVMe, kuma ba kowace kwamfuta ke karɓar duka ba. Je da kwamfutar a gwada a gabanka. 128GB ya yi matsi, 256GB shi ne mafi ƙarancin da zan saya. In na hannu ne, buɗe CrystalDiskInfo a wurin ka ga kason lafiyarsa da awannin da ya yi yana aiki.

RAM maganarta gajeriya ce. 4GB ta yi kaɗan a yau, 8GB ta wadatar da yawancin mutane. DDR3 da DDR4 ba sa shiga gurbin juna, wasu siraran kwamfutoci kuma tasu a liƙe take ba a ƙarawa.

Wane Windows za a zuba? Da can ba a wannan tambayar, yanzu dole ce. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Kwamfutar ba za ta daina aiki ba, amma toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi ya tsaya, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin kariya na ESU, wanda wa'adinsa ga ɗaiɗaikun mutane 13 ga Oktoba 2026 ne. Windows 11, da ya fito a Oktoban 2021, yana da sharuɗɗa: RAM 4GB, ma'ajiya 64GB, guntun tsaro na TPM 2.0, da furosesan Intel zubi na 8 zuwa sama ko makamancinsa na AMD. Gane zubin ba wuya. Dubi lambar farko bayan ɗan layin a sunan furosesan (lambobi biyun farko in zubi na 10 zuwa sama ne): i5-6300U zubi na 6 ne, i5-8250U zubi na 8. Wato HP EliteBook 840 G3 da Dell Latitude E7470 da ThinkPad T460, waɗanda suka cika hannun jama'a, duk ba su cika sharaɗi ba. Kada kalmar "Core i7" ta ruɗe ka, tsohon i7 zubi na 4 bai shiga ba, i3 zubi na 8 ya shiga. Ana iya tsallake sharuɗɗan da manhajar Rufus a tura Windows 11 da ƙarfi, kuma yakan yi aiki, musamman a kan SSD. Sai dai Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai yi alkawarin ci gaba da ba irin waɗannan kwamfutoci sabuntawa ba. Ni zan yi hakan a kan zubi na 6 ko na 7 mai SSD da 8GB, da sanin cewa wata rana zan iya sake zama a kanta. Ba zan yi a kan kwamfutar da ake lissafin shago da ita ba. Windows 7 kuwa, da har yanzu wasu ke nema wai ya fi sauƙi, tun 14 ga Janairun 2020 aka rufe babinsa, Chrome ma ya daina sabunta kansa a kai.

Wannan ya kawo mu ga Linux, tsarin da ake zubawa a madadin Windows, wanda mutanenmu ke tsoro fiye da kima. Linux Mint, musamman nau'in Xfce, kyauta ne, ba ruwansa da TPM, yana tashi da RAM 2GB ya sake da 4GB, zubi na 22 kuma yana da tallafi har 2029. Fuskarsa ba ta yi nisa da Windows ba, Chrome da Firefox da VLC duk suna aiki. Abin da na fi so game da shi, kana iya kunna shi daga filash ka wuni kana gwadawa, Wi-Fi da sauti da firinta, ba tare da ya taɓa faifanka ba. Ga tsohuwar kwamfutar yara, ko mai karatu da bincike da kallon darussa, ko mai koyon rubuta manhaja, ya fi tsohon Windows mara kariya aminci. Amma gaskiya ɗaya ce: mai zanen katin biki da kalanda da CorelDRAW, mai Photoshop, mai zanen gini da AutoCAD, Linux ba nasu ba ne. LibreOffice na buɗe takardun Word, sai dai shafuka da tebura kan ɗan goce, abin da ɗalibin da malaminsa ke auna gefen takarda da rula ba zai so ba.

Ko wace hanya ka ɗauka, har da Reset mai cewa zai bar maka fayiloli, ka kwafe kayanka da hannunka tukuna: Desktop, Documents, Downloads, Pictures, da duk wata folda da ka ƙirƙira a C. Ka kai kwafin wata kwamfuta ka buɗe fayil biyu ko uku ka ga suna buɗuwa. Kalmomin sirrin da Chrome ya riƙe maka ka tabbatar suna haɗe da asusunka na Google. Masu aikin zane su kwashe salon haruffansu na Larabci da na boko, su ne ake mantawa sai aiki ya taso. Ka duba ko faifanka a kulle yake da BitLocker, makullin tsaro na Windows. In haka ne, nemo mabuɗinsa mai lamba 48 a asusunka na Microsoft ka rubuta a takarda, in ba haka ba tsohon faifan ba zai buɗu a akwatin waje ba. In batirinka ba ya riƙe caji, kada ka fara aikin da wutar layi kaɗai, nemi inda akwai sola ko janareta, domin yankewar wuta a tsakiya na iya barin kwamfutar ba ta buɗewa sam. Idan kuma akwai hotunan iyali ko takardun sirri a ciki, zauna kusa da mai gyara har ya gama, ko ka karɓi tsohon faifanka a hannu kafin ka bar shagon.

Ita ƙanwata, karo na biyu tare muka je. Aka sa mata SSD mai 256GB, aka ƙara RAM ta zama 8GB, aka busa ƙurar fanka, aka zuba Windows irin wanda lasisinta ke ɗauke da shi. Tsohon faifan muka kwashe abin da ya saura a ciki a daren, bai ƙara wata biyu ba ya daina juyawa. Da kwamfutar ta ƙarasa furojet, da ita ta tafi hidimar ƙasa, kuma kowace Juma'a takan tura wa kanta kwafin aikinta ta imel.